Dala Sha Ɗaya a Tsallaken Titi

Earline Tatum ta ci ƙafar kare tun tana yarinya. Ni zan ba da wannan shaida, domin iyayenmu mata ciki ɗaya suka fito, kuma a ɗaki ɗaya muka tashi a Texarkana ta Amurka, ɓangaren jihar Arkansas. Na girme ta da shekara uku, shi ya sa take ce mini Yaya Vesta. Ko a coci yarinyar nan ba ta iya zama har fasto ya kai ƙarshen wa'azi. Ta tashi shan ruwa, ta tashi gyara fanka, ta leƙa waje ta ga ko hadari ya taso. Mahaifiyarta, Inna Ozella, ta yi mintsini har yatsunta suka gaji, daga baya ta bar ta da Ubangiji.

Da ta girma sai yawon ya koma kan aiki. Ta yi fiɗar kaji a masana'anta, ta ce sanyin wurin zai ci mata yatsu, ta bari. Ta yi gyaran gado a otal, ta yi rabon shayi a gidan caca a Shreveport, ta yi sayar da takalma, duk ba wanda ta cika shekara a ciki. In na yi mata faɗa sai ta ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Ni kuwa da na kama sitiyarin motar 'yan makaranta tun ina budurwa ban sake shi ba, sai in ce mata ai kifin ma a ruwa ɗaya yake yawonsa. Daga nan ta bi wani mai zaƙin baki, wai shi Dorsey, har Houston. Bayan wasu shekaru ta dawo da akwati ɗaya da tabo a gira, kuma har yau ba ta faɗa mini inda ta samo tabon ba.

A lokacin ne Mista Purvis Gaddy ya ɗauke ta aiki. Dattijo ne a cocinmu, dogo, mai magana a hankali, yana da shagon wanki da guga a bakin Titin Iyaka, titin nan da ya raba garinmu biyu, a hannun jihar Texas. Daga gidan hayar su Earline zuwa shagon tafiyar ƙafa ce, ka tsallaka titi kawai ka shiga. Bai tambaye ta takardar shaida ba, bai tambaye ta labarin Houston ba. Ya miƙa mata rigar aiki, ya nuna mata tukunyar tururi da teburin guga, ya ce ta fara da rigunan mawaƙan coci domin su ba sa ƙorafi.

Na ce ba za ta wuce wata biyu a wurin ba. Wallahi har na yi caca da mijina a kan haka, na kuma sha kaye. Earline ta zauna. Ashe abin da take nema tun farko aikin da ba a zama ne. Daga safe zuwa yamma tana tsaye, ta matsa kwat, ta juya ta rataye, ta ruga ta karɓi kayan mai shigowa, ta dawo ta fesa sitaci, zufa na zuba tana rera waƙa. Ta iya gano tabon miya a baƙin wando tun daga bakin ƙofa. Kafin a jima masu kawo kaya suka fara cewa a ba Mis Earline, kar wani ya taɓa.

Shi ma tsohon ya riƙe ta da mutunci, ba zan ci haƙƙinsa ba. 'Yata yake ce mata. Kowace shekara lokacin bikin godiya sai ya ba ta talotalo guda. Ranar da Inna Ozella ta rasu, ya rufe shago ranar Asabar, ranar da ciniki ya fi ci, ya sa baƙar kwat ɗinsa ya shiga cikin masu ɗaukar akwatin gawa duk da ciwon bayansa. Earline ba ta taɓa mantawa da wannan ba. Ko sunansa aka ambata sai ta ce, mutumin da ya ɗauki uwata a kafaɗa.

Dala takwas da rabi yake biyan ta a awa. Daidai da mafi ƙarancin albashin jiharmu ta Arkansas ke nan a lokacin, don haka Earline ta ɗauka dokar tamu yake bi, ni ma haka na ɗauka. Mutanenmu kuwa ba sa zancen albashi. Mace za ta ba ki labarin aikin da likita ya yi mata a ciki dalla-dalla, ta ba ki labarin abin da mijinta ya yi da 'yar maƙwabta, amma ki tambaye ta nawa ake biyan ta, sai ta dube ki kamar kin ɗaga mata zane a kasuwa. Saboda haka ba wanda ya taɓa gyara mana kuskuren.

Sai shekarar da aka kawo maganar ƙarin albashi gaban jama'ar Arkansas, aka ce a kaɗa ƙuri'a: in an yarda, mafi ƙarancin zai riƙa hawa duk watan Janairu har ya kai dala sha ɗaya. Kai, ku zo ku ga Earline. Kamar an ɗaura wa mai yawo takalmi sabo. Gida-gida ta bi a unguwa bayan ta tashi aiki. Ta tare mutane a bakin kanti, ta tare su a wurin soya tarwaɗa na coci, ta hana su cin burodin masararsu cikin kwanciyar hankali. Ranar zaɓe ta karɓe mini mota ta yi ta jigilar tsofaffi, har da wata da ta ce ita rabonta da ƙuri'a tun mijinta na da rai. Washegari da safe da aka ce abin ya wuce, sai ga ta a kicin ɗina tana rawa da ludayi a hannu. Kafin ta zauna, wanda dama ba ta zauna ba, ta riga ta kashe kuɗin a baki: za ta gyara haƙorinta na gefe, za ta sayi firiji, za ta sa wa kabarin Inna dutse mai suna.

Janairu ya zo, aka biya albashin farko, ba abin da ya canza. Ta ce mini tsohon ne ya manta, idonsa ya fara rauni, ba ya karanta jarida. Ta bari aka sake biya, nan ma shiru. Sai ta same shi da ladabinta, tana murmushi, ta tuna masa cewa sabuwar doka ta fara aiki.

Yadda ta ba ni labari, cire tabarau ya yi ya goge, sannan ya ce, "'Yata, yanzu a ina kike tsaye?"

Ta ce, "A shago, yallaɓai."

"Shagon kuma a ina yake tsaye?"

Ya bayyana mata a hankali, kamar yadda yake koyar da yara ranar Lahadi, cewa dokar albashi inda mutum yake aiki take bi, ba inda yake kwana ba. Nan Texas ne, kuma a Texas dala bakwai da kwata doka ta ce, shi kuwa har ya ɗora mata a kai. Daga nan ya shiga kukan kasuwa. Tukunyar tururi ta tsufa, mutane sun daina sa kwat, kowa ya koma yawo da rigar barci har wurin jana'iza, wutar lantarki ta yi tsada. Ya yi ajiyar zuciya ya ce da da hali, ai ba sai ta tambaya ba.

Murna ta koma ciki. Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, Earline ta dawo gida tana tausayinsa. Ita da ta yi wa jiha guda yaƙin ƙarin albashi ta tashi a tutar babu, ita ce kuma take cewa Allah sarki tsoho, ashe haka yake fama. Na ce mata ke dai an yi sakarya, tsallaka titi ki nemi aiki a jiharki. Ta ce ba yanzu ba, bari kasuwa ta ɗan farfaɗo.

Kasuwa ba ta farfaɗo ba, sai haya ce ta farfaɗo. Mai gidan da take ciki, gidan da Inna Ozella ta cika a ɗakin tsakiya, ya zo ya ce tunda an yi wa kowa ƙari a Arkansas, shi ma zai ɗan taɓa. Ta ce masa ita a Texas take aiki. Ya ce shi gidansa a Arkansas yake. Kun ji fa. Albashi na Texas, haya ta Arkansas, an haɗa mata zafi biyu. Janairu na gaba mafi ƙarancin ya koma dala goma, haya ta sake hawa. Na bayansa ya cika sha ɗaya, mai gida ya sake zuwa da murmushinsa.

A shekarar ne otal ɗin da ke daidai tsallaken shagon ya rataya wani ƙaton ƙyalle a bango, an rubuta ana neman masu wanki da guga, dala sha ɗaya a awa. Teburin gugar Earline kuwa tagar titi yake kallo. Duk rigar da ta ɗaga ta rataye, sai idonta ya faɗa kan ƙyallen nan. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Daga nan ta rasa sukuni gaba ɗaya. Da yawonta na jin daɗi ne, wannan kuwa na wanda ƙaya ta shiga takalminsa ne. Lokacin hutun cin abincin rana sai ta fito da niyyar tsallakawa, ta kai tsakiyar titi, ta tsaya motoci na wucewa gaba da baya, sannan ta juya ta koma. Na gan ta da idona daga cikin motar makaranta, na danna mata oda, ko waiwayowa ba ta yi ba. Sau ɗaya ta daure ta shiga otal ɗin. Shugabar sashen wanki, wata Mis Twyla, ta ba ta riga ɗaya ta goge, ta duba wuyan rigar, ta ce ta zo ranar Litinin. Litinin ta zo, Earline ta tafi shagon Mista Purvis kamar kullum, har da kai masa miyar kuɓewa.

In ta zo gidana ba ta iya shan shayi mai ƙanƙara a zaune. Ta ɗauki kofin ta zagaya falo, ta gyara labulen da ba abin da ya same shi, ta buɗe firiji ta rufe. A gidanta kuwa kujeru sun ga ta kansu, yau suna gabas gobe suna yamma. Ta kama sharar ofisoshi ranar Asabar da yamma da Lahadi bayan coci. Ta rame, wuyanta ya fito. Na kama ta tana raba ƙwayar maganin hawan jininta biyu da wuƙa don ya kai ta ƙarshen wata, na yi mata tas, ta ce likitoci dama suna cika yawa.

Kullum maganarmu ɗaya ce, har mijina ya fara ficewa in ya ga ta shigo. Ni in ce ta tafi, ita ta ce ba za ta iya ba. Idon tsohon ya kusa tafiya, ita ce take gano masa tabo, ita take karanta masa sunayen masu kaya, ita masu kawo kaya suke bi. Ɗansa yana Dallas, ko waya sai an yi sa'a. Ta ce, "Yaya, in na tafi shagon nan ya mutu. In shagon ya mutu, tsohon zai bi shi. Kina so a ce ni na kashe mutumin da ya ɗauki uwata?" Na ce mata akwatin gawa mutum shida suka ɗauka, sauran biyar ɗin me take biyan su? Ta yi fushi, ta yi mako ba ta taka gidana ba.

Ranar Lahadi kuwa ga shi nan a kujerar dattawa, da farin gashinsa da sandarsa, yana ɗaga mata hannu. Ita tana can baya tana fifita da sauri kamar za ta karya maficin. Ni ina tsakiya ina cika ina batsewa, ba damar magana, domin a coci ba wanda ya san nawa ake biyan ta, kuma ta rantsar da ni kar in faɗa.

Abin ya zo ƙarshe ne da bazara. Mai gida ya gaya mata cewa ya gaji da karɓar haya guntu-guntu, yana da wanda zai shiga gidan in wata ya ƙare. Ta zo mini da maganar, na san rance take so ko da ba ta furta ba, domin na sha yi mata. Wannan karon na ce a'a. Na ce ba zan ƙara ciyar da shagon Purvis Gaddy da kuɗin motar makaranta ba, kuma ko yau aka sake ba ni zaɓi haka zan faɗa. Ta dube ni, ta yi zagaye biyu a kicin, ta fita ba sallama. Da yamma ta bugo waya ta ce ta koma wurin Mis Twyla, an ce gurbin na nan. Gobe za ta gaya wa tsohon, amma sai na raka ta, don ta san in ita kaɗai ce za ta kai bakin ƙofa ta fasa.

Da safe na same ta ta gasa masa kek ɗin dankali mai zaƙi, wanda ya fi so, ta naɗe a tawul. A hanya sai maimaita abin da za ta faɗa take yi. Za ta ƙara masa mako biyu kafin ta tafi. Za ta nemo masa yarinya ta koya mata aikin. Za ta riƙa leƙowa bayan ta tashi daga otal ta duba masa tabo kyauta. Ta tambaye ni ko in kira ɗansa tukuna, kar labarin ya kayar da shi. Na ce ta wuce mu je, rana na yi.

Muka same shi a bayan kanta yana rataye wata kwat a hanga, yana lalube da yatsu. Earline ta ajiye kek ɗin, ta gaishe shi, ta fara magana. Ta faro tun daga ranar da ta dawo daga Houston. Ta bi ta kan talotalo, ta bi ta kan jana'izar Inna, hawaye na zuba tana sharewa da bayan hannu. Da ƙyar ta kai ga maganar: za a fitar da ita daga gida, otal ɗin tsallake sun ba ta aiki, ta san ba shi da hali, ba ta kuma riƙe shi da komai ba, ya yafe mata.

Tsohon ko hangar bai ajiye ba. Ya ce, "Nawa suka ce za su ba ki?"

"Sha ɗaya, yallaɓai."

"To, na ba ki sha ɗaya daga yau. Je ki kunna tukunya, akwai kayan biki da za a karɓa da azahar."

Haka kawai ya faɗe ta, kamar mai sayen tumatir. Bai yi ajiyar zuciya ba, bai duba wani lissafi ba, bai ce bari ya yi tunani ba. Na ɗauka Earline za ta yi tsalle, domin ga shi an ba ta abin da take so ba tare da ta bar shi ba. Sai na ga hawayenta sun tsaya cak.

Ta ce, "Akwai ke nan?"

Ya ce, "Ba za a rasa ba, 'yata."

"Tun yaushe akwai?"

Ya juyo da fuskarsa wajen muryarta. Na rantse babu mugunta a fuskar nan, mamaki ne kawai, irin na wanda aka yi wa tambayar da amsarta ke fili. Ya ce, "Ai ba ki taɓa cewa za ki tafi ba."

Ni na buɗe baki, don akwai maganganun da na shekara uku ina tara masa, amma Earline ta dafa hannuna. Ta shiga ciki, na ji ta buɗe durowa. Ta fito da tsohon takalminta na aiki da kofinta a leda. Ta ɗauko mabuɗin shago daga jakarta ta ajiye a kan kanta, kusa da hannunsa yadda zai iya lalubowa. Ta gaya masa kayan bikin suna layi na biyu, rigar amarya akwai ɗan tabon jan-baki a hannun hagu, a yi hankali da shi. Sannan ta ce, "Sai mun haɗu a coci, Mista Purvis."

Ya kira sunanta. Muka fito, zafin rana ya dake mu, motoci na ta wucewa. Ta ɗaga hannu ta tsayar da wata babbar mota, muka shiga titi. Muna tsakiya na ji ƙararrawar ƙofar shagon ta kaɗa a bayanmu, ya fito da sandarsa, ya ɗaga muryar da ban taɓa jin ya ɗaga ba ko a wurin addu'a.

"Sha biyu, Earline! Na ba ki sha biyu!"

Ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Ba ta waiwaya ba. Ta ce, "Yaya, ɗaga ƙafa mu tsallake kafin ya kai sha uku. Zuciyata ba za ta ɗauka ba."